Rubutun da Ya Kai Layin Baya

Har gobe idan na shiga wurin taro na ga an haska rubutu a bango, ƙafata ba ta tsayawa sai a kujerar ƙarshe. 'Ya'yana sun ɗauka kunya ce, ko tsufa. Ba ko ɗaya. So nake in ga ko mai rubutun ya tuna akwai mutane a can baya. Yawanci bai tuna ba, ni kuma bakina ba ya iya shiru, shi ya sa yanzu ba mai son zuwa taro da ni. A Ƙauran Namoda na ɗauko wannan hali, a wata damina, kuma ba ni da niyyar ajiye shi.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, shari'a ma sabuwa ce a bakin kowa. Ina koyarwa a wata firamare a Zurmi. Sai aka ce duk malamin da takardarsa ba ta cika ba ya je kwas a dogon hutu, ya ci jarrabawa, in ba haka ba ya bar aji. Aka tattaro mu daga Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura, aka zuba mu a zauren wata makarantar sakandare. Zauren dogo ne siriri, kamar taragon jirgin ƙasan da layinsa ke ƙarewa a garin. Da can a irin wannan kwas kowa inda ya samu yake zama. Wannan shekarar aka ce maza gaba, mata baya, a bar fili a tsakani. Gaskiya ba mu ji haushi ba. Da yawa daga cikinmu saboda wannan tsarin ne ma mazajensu suka bar su suka zo. Ga shi baya akwai iska, mai goyo tana shayar da ɗanta ba wanda ya sa mata ido.

A bencin ƙarshe na zauna, kusa da wata malama daga Jangeru. Ita ce babba a cikinmu, ta fara koyarwa tun ina 'yar firamare, don haka Yaya nake ce mata. Mace ce mai sanyin magana, tana da wani farin mayafi da kullum yake a goge ko da a ɗakin kwananmu babu dutsen guga. Ita kaɗai ce mace a makarantarsu. Da aka ware wa 'yan mata ajinsu aka ba ta, sai manoma da makiyayan da ba su taɓa yarda da boko ba suka fara turo 'ya'yansu, suna cewa ai mace ce ke koya musu. Sun kuma gaya wa shugaban makarantar ƙiri-ƙiri cewa ranar da ta bari, ranar za su kwashe yaransu. Ita jarrabawar nan ba don kanta take tsoronta ba. Idan ta faɗi, ajin 'yan matan Jangeru ya rufe.

Malamin da ke koya mana dabarun koyarwa matashi ne, siriri, ɗan gidan malamai a nan cikin Ƙaura. Shi ne ya zo mana da majigi. Ba irin na sinima ba: akwati ne mai gilashi a sama da fitila a ciki, da wani wuya mai madubi. Sai ya ɗora leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, rubutun da ke jikinta ya fito a farin bango. Ranar farko har tafi aka yi. Ledojin a Gusau ya je aka buga masa da kwamfuta, kuma ka ga yana ji da su, don da gefen yatsa yake ɗaukar su kamar hoton aure. Kowace leda shafi guda ne cur na littafi, layi a kan layi, ba wurin da ƙuda zai sauka. Baƙaƙen kuma wasu irin sirara ne masu kwanciya gefe guda, kowanne da jelarsa da lanƙwasarsa kamar zanen lalle. Maza na gaba suna ta cewa kai, wannan rubutu ya yi kyau. Watakila ya yi. Mu dai daga inda muke, toka-toka muke hange.

Malam ba mugu ba ne, kuma ba mai sakaci ba ne. Duk ledar da ya ɗora sai ya juyo ya ce, "Kuna gani?" Kafin ya rufe baki na gaba sun amsa, "Muna gani, Malam!" Shi ke nan an wuce. Wace mace ce za ta ɗaga murya daga ƙarshen zaure, ta kan kawunan maza, a shekarar da kowa ke taka-tsantsan, ta ce wa malami abin da ya kashe wahala a kai bai yi ba? A wurinmu idan babba ya nuna maka abinsa ya ce ya yi kyau, amsa ɗaya ce. Shi kuma ba ya zuwa baya. Kunya ta hana shi, ko kallon sashenmu ba ya cika yi. Idan zai gwada na'urar, daga gefen teburinsa yake gwadawa, ya gyara madubi har rubutun ya fito masa tas. Haka muka yi ta tafiya, shi yana tambaya da gaske, ana amsa masa da ladabi, mu muna ƙanƙance ido.

Mu masu ƙuruciya muna ɗan tsintar kalma nan da can, sauran mu cika da abin da kunne ya kama. Yaya kuwa sai na lura biro ɗinta ya daina motsi. Ta sayi maganin ɗigawa a kemis, ta canza kwalli, ta daina shan shayi wai ko shi ne. Ranar da hadari ya haɗu zaure ya yi duhu, takan ɗan miƙe zaune don rubutun ya fi fitowa, rana na buɗewa ta koma ta jingina.

Wata la'asar muna tsince shinkafa a ƙofar ɗakin kwananmu, ta ce da ni, "Ƙanwata, idona ya ƙare."

Na ce, "Wane irin ƙarewa, Yaya, ga shi kina hidda tsakuwa kin hi ni sauri?"

"Wanga kusa na. Bango nika hwaɗi. Ku kuna rubutu, ni ko baƙi guda ban ganewa, tururuwa kawai nika gani."

"Ni ma rabi nika gani, rabi in cika da ka. Ba idonki na ba, rubutun na. Jiya ba ke kinka gane mai nonon garinku tun tana can wajen masallaci ba?"

Ta yi murmushi ta ce, "Tahiyarta na gane." Sannan ta ce, "Wadda ba ta ganin bango, ƙaƙa za ta tsaya gaban ɗiyan mutane? Gara in koma da mutuncina da in zauna in hwaɗi. Jibi kasuwar Shinkahi, motoci na tashi da sahe, sai in bi su."

Na yi magiya, na yi faɗa, har na ce mata yaran fa, ta ce Allah na nan. Na san irinta. Masu sanyin magana idan suka yanke abu, igiya ba ta ɗaure su. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da ita nake fushi ba. Da wannan rubutu mai jela nake fushi, da mazan da ke amsawa da bakinmu.

Washegari Malam ya ɗora ledarsa ta farko, ya juyo ya ce, "Kuna gani?" Na gaba suka rera amsarsu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Malam, mu dai nan baya ba mu gani."

Zaure ya yi tsit. Maza suka fara waiwayowa, sai suka tuna ba a waiwaye, suka maida wuya. Matar da ke gabana tana jan gefen hijabina wai in zauna. Wani mai ƙaton rawani a layin gaba, wanda kullum shi ke fara amsawa, ya ce ba tare da ya juyo ba, "To a sayi tabarau mana."

Na ce, "Taho ka zauna nan ka karanta muna layi guda. In ka iya, ni da kaina za ni sai tabarau."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Ni Malam nake kallo, don na san na taɓa abin da yake so, a gaban jama'a kuma. Na shirya jin cewa in nemi wuri in zauna. Sai na ga ya ajiye sandar nuninsa a kan tebur, ya tako. Ya wuce maza, ya ratsa filin nan da ba wanda ke takawa, ya tsaya ya yi mana sallama kamar ya zo ƙofar gida, ya ce, "Ku gahwarce ni, in wuce." Muka tattara ƙafafu da mayafai. Kansa a ƙasa har ya kai bangon baya, ya juya ya jingina, ya ɗaga ido.

Ya daɗe a tsaye. Na ga ya ƙanƙance ido yadda muke yi, leɓensa ya motsa, ya tsaya. Can ya ce a hankali, "Inna lillahi. Ni da na san abin da ke ciki ban iya karanta shi." Ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar hwarko, Malam."

"Amma kullum ina tambaya."

"Kana tambaya. Na gaba ka amsawa."

Bai kare kansa ba, bai ce laifin mai kwamfuta ne ko na zaure ba. Ya koma gaba ya kashe majigin, ya fuskanci sashenmu sosai, karo na farko, ya ce, "Na ɗauki haƙƙinku, ku yahe mani." Ranar da baki ya yi darasin, a tsaye a tsakiyar zaure. Na sha ganin manya an nuna musu kuskure, kuma yawanci mai nunin ne ke kwana a ciki. Irin wannan ban taɓa gani ba, tun daga ranar nake ganin girmansa.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe a wurin Yaya ba ta ƙare ba. Ta ce, "Kunya kinka ba shi, shi ya sa ya ce hakanan. Yaro na mai ladabi." Ta ninke kayanta ta ɗaure jaka. Abu ɗaya ya hana ta wucewa tasha kai tsaye da safe: ba a barin malami ba sallama. Ta ce za ta shiga ta zauna, in ya fito ta yi masa ban kwana, sannan ta bi motar ƙarshe. Haka ta shigo zaure da jakarta, ta tura ta ƙarƙashin benci, ko littafi ba ta fiddo ba.

Malam ya shigo rungume da wani abu naɗe a tawul, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya kwance, sai ga gilasan taga, irin dogayen nan da ake jerawa. Ledar da ba rubutu sai a Gusau ake samu, shi kuma bai yarda ya jira ba. Ya ɗora guda a kan majigi, ya kunna, ya murɗa madubi. Rubutun hannu ne da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, baƙaƙe manya, a tsaye, zagayayyu, ba jela ba ado, kowanne da sararinsa. Layukan ba su fi yatsun hannu ba. Bai ce kuna gani ba. Ya tako da kansa, ya yi sallama, ya je bangon baya ya duba.

Yana tsaye a can sai na ji wata 'yar murya a gefena. Yaya ce, ba wanda ya sa ta, tana karantawa ƙasa-ƙasa kamar mai bita: "Shirya darasi. Me yara suka riga suka sani? Me kake so su sani yau?" Ta kai ƙarshe, ta koma farko ta sake. Ta kama hannuna ta matse har na ji zafi, ta ce, "Ƙanwata, ina gani. Wallahi ina gani, har ɗigon." Hawaye na zuba a kan farin mayafin nan, ita ko a jikinta. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuma na daɗi ne. Motocin Shinkafi suka tashi ba ita.

Da ya koma gaba, mai rawanin nan ya ce, cikin ladabi dai, wai ai na'ura irin wannan da rubutun kwamfuta ta dace, rubutun hannu kuma kamar an koma baya. Malam ya ce, "Babana Alƙur'ani yaka rubutawa da hannu. In an kawo mishi aiki, kahin ya heƙe alƙalami sai ya tambayi shekarun mai karatun, da ko ɗakinshi na da haske. In tsoho na, ya heƙe mai kauri, ko da takarda za ta ƙaru. Ni na tashi ina dama mishi tawada, amma da na ga kwamfuta sai na mance in tambaya." Ya tsaya a nan, ya ci gaba da darasi.

Ba a rana ɗaya ya gano komai ba, a gabanmu ya yi ta gwaji. Ya zo da jar maka don ya bambanta kan magana, hasken taga ya cinye ta, muka gaya masa, ya ajiye. Ya gwada rubuta komai da manyan baƙaƙe zalla, Yaya ta ce sun yi kama da juna kamar buhunan gero a sito, ido na gajiya kafin ya raba su, ya koma haɗawa da ƙanana. Ya gano cewa idan ya ajiye gilashi a ƙasa a kan farar takarda, ya miƙe tsaye ya iya karantawa ba ya sunkuya ba, to zai kai mana. Sai ya zama kullum kafin darasi za ka gan shi tsaye yana kallon ƙasa kamar wanda allura ta faɗi masa, muna ta dariya a mayafi. Da yake manyan baƙaƙe ba sa barin wuri, dole ya rage surutu a bango ya bar ƙashin magana, sauran ya yi da baki. Mazan da suka saba kwafe shafi guda ba su fahimta ba suka yi ta gunaguni, daga baya su ma aka ga sun fara ɗaga kai suna saurare.

Tambayar nan kuwa bai sake yin ta ba. Idan ya ɗora rubutu sai ya ce, "Bencin ƙarshe, a karanta muna." Yawanci Yaya ke karantawa. Muryarta da da ba ta wuce benci, ta koma tana kaiwa har teburinsa. Ranar da ta ce wata kalma ta matsu, nan take ya goge da tsumma mai ɗan kananzir ya sake. Daga baya ya koma Gusau aka buga masa sababbin ledoji, ya ba mu labarin yadda suka kwashe da mai shagon, shi yana son ya ƙawata masa, Malam yana cewa a ƙara girma, a cire jela. Tsofaffin ledojin kuwa bai zubar ba. Ya riƙa ɗora ɗaya a darasin kayan koyarwa, ya sa maza su je bangon baya ɗaya bayan ɗaya idan mun fita, su gani da idonsu.

Da kwas ya zo ƙarewa, mu mata muka je gidansu gaida matarsa, kamar yadda aka saba. Ina zaune a ɗakinta na ga tagar duk kwali aka cusa, gefen katifa kuma da tabon ruwa. Ta ga ina kallo, ta kwashe da dariya ta ce, "Ai ku kunka cire muna taga. Ya dawo rannan bai ko ci tuwo ba, ya hau zare gilasai. Na ce Malam damina ta hwa, ya ce ruwa na bushewa." Yaya ta sunkuyar da kai.

Ta ci jarrabawa, ni ma na ci. Ta koma Jangeru, na koma Zurmi, muka riƙa gaisawa ta bakin 'yan kasuwa. Malam ban ƙara ganinsa ba sai sau ɗaya, daga nesa, a tashar Ƙaura, kuma kunya ta hana ni tsayar da shi. Ina jin takaicin wannan har yau, don ban tabbata ya san da jakar da ke ƙarƙashin benci a safiyar nan ba.

Bayan shekaru masu yawa na ji Yaya ba ta da lafiyar ido, na shirya na je. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, yanar ido ta rufe mata idanun duka biyu. Da muryata ta gane ni. Ta lalubo hannuna, wanda ta taɓa matsewa, ta ce, "Ƙanwata, wanga karon na gaske na." Ta faɗe shi tana dariya, ni ce ma na kasa.

Ta sa aka raka ni makarantar. Ajin 'yan mata yana nan, ya cika har wasu a ƙasa suke. Malamar budurwa ce, ɗiyar wani makiyayi, ɗaya daga cikin yaran da iyayensu suka ce za su kwashe. Babu majigi a Jangeru, ko wuta babu, allo ne da alli. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba tukuna. Ta gama rubutu da baƙaƙe manya zagayayyu, ta kakkaɓe hannu, ta ratsa tsakanin yaran har bangon baya, ta juya ta jingina, ta ɗaga ido ta duba. Sannan ta dafa kan wata 'yar ƙarama a layin ƙarshe, ta ce, "Karanta muna."